Baki yana waƙa, zuciya ta yi shiru: in ajiye jagorancin yabo?

Tambaya: "Na daɗe ina jagorantar yabo da sujada a ikkilisiyarmu. Da can in na riƙe makirufo sai in ji zuciyata ta cika, har da hawaye. Yanzu kuwa na san inda zan ɗaga murya, inda zan sassauta, da inda zan ce jama'a su ɗaga hannu. Wani lokaci waƙa takan ƙare ban ma san abin da bakina ya faɗa ba. Mutane suna cewa sun sami albarka, ni kuwa ban ji komai ba. Shin munafunci nake yi? In ajiye aikin?"

Amsa: 'Yar'uwata, sannu da hidima, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Kada ki ajiye aikin saboda wannan dalili kaɗai. Abin da kika bayyana bai kai a kira shi munafunci ba. Sai dai akwai wata ƙofa a jikinsa da munafunci kan shigo ta nan, kuma gara ki san ta tun yanzu, domin ba inda kike tsammani take ba.

Mu fara da abin da ya faru da ke. Duk aikin da mutum ya maimaita sau da yawa, jikinsa yakan karɓe shi daga hannun tunani. Haka Allah ya gina mu, kuma alheri ne. Sabon direba duk hankalinsa yana kan giya da birki, har ba ya ganin abin da ke gabansa sosai. Wanda ya ƙware kuwa hannunsa da ƙafarsa suna aiki da kansu, idonsa ya sami sararin duba hanya. Hatsarinsa ɗaya ne, kada ya yi gyangyaɗi. Ke ma sabo ya 'yantar da hankalinki daga fargabar "a wace murya zan ɗauka, wane baiti ne ke biye". To ina hankalin nan da ya sami sarari yake tafiya? Yana iya komawa kan Allah da kan jama'ar da ke gabanki, yana kuma iya tafiya yawo. Wannan ita ce tambayar da ta dace ki riƙa yi wa kanki, ta fi "me ya sa ban yi kuka yau ba" amfani nesa ba kusa ba. Game da hawayen nan na farko kuma, ban musa akwai aikin Ruhu Mai Tsarki a ciki ba, amma akwai kuma ɗokin sabon abu da bugun zuciyar tsayawa gaban taro. Waɗannan biyun dole su lafa yau da gobe. Lafawarsu ba ta nuna Ruhu ya tafi.

Mutane kan ce sabo turken wawa, da gaskiyarsu a wasu wuraren. Amma ki duba yadda Allah da kansa ya tsara sujada a Isra'ila. A 1 Tarihi sura 25, an ƙidaya ƙwararrun mawaƙa 288 a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, aka raba su kashi 24 ta hanyar ƙuri'a, kowane kashi mutum 12, malami da ɗalibi duk ɗaya. A sura 23 aya 30 an ce Lawiyawa su tsaya kowace safiya su gode wa Ubangiji su yabe shi, haka kuma da yamma. Kowace safiya fa. Ba a ce ranar da suka ji motsi a rai ba. A cikin mutum 288 ba zai yiwu a ce babu wanda ya taɓa tashi da ciwon kai ko ɓacin rai ba, kuma ba mu ga inda aka ce irin wannan ya koma gida sai ya ji daɗi ya dawo. Zabura 136 tana da aya 26, kowace aya da amshi iri ɗaya a kan madawwamiyar ƙaunar Ubangiji. Wanda ya shirya wannan waƙa bai ji tsoron maimaitawa ba.

Ubangijinmu Yesu ma mutum ne mai sabo. Luka 4:16 ta ce ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba. Luka 22:39 ta ce ya tafi Dutsen Zaitun kamar yadda ya saba, a daren da aka bashe shi. A Getsamani, addu'ar da ba a taɓa yin wadda ta fi ta fitowa daga zuciya ba, Matiyu 26:44 ta ce ya koma karo na uku yana faɗin kalmomin nan dai. Ashe maimaita kalmomi da zuciya ɗaya suna zama wuri guda. Abin da ya hana a Matiyu 6:7 shi ne surutun wanda yake tsammani yawan maganarsa ne zai sa a ji shi. Ikkilisiya ta farko ta bi wannan sawu. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan lardin Bitiniya a daular Roma, ya rubuta wa Tarajan, sarkin Roma, cewa Kirista sun saba taruwa a wata rana tsayayya kafin gari ya waye, suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah. Mutanen da ake kashewa saboda bangaskiyarsu ke nan, kuma abin da ya riƙe su rana ce tsayayya da lokaci tsayayye. A ƙarni na 6, Benedik, wani shugaban masu zaman sufanci na Kirista a Italiya, ya tsara wa mabiyansa su rera dukan littafin Zabura, surori 150, a kowane mako. Ya san abin da maimaitawa kan jawo, shi ya sa ya gargaɗe su cewa hankali ya daidaita da murya. Bai ce a rage waƙar ba, cewa ya yi a jawo hankali ya biyo ta.

Na san ayar da ke damun ki, domin ita ce take damun kusan duk mai wannan hidima in lamirinsa yana raye. Ishaya 29:13, wadda Yesu ya maimaita a Markus sura 7, cewa jama'ar nan da leɓunansu suke girmama shi amma zuciyarsu tana nesa. Ki karanta surar gaba ɗaya. Wace shaida Yesu ya kawo ta nuna zuciyar Farisiyawa tana nesa? Bai ce ba sa kuka a cikin addu'a ba. Abin da ya kawo shi ne mutum ya ce dukiyar da ya kamata ya taimaki mahaifinsa da mahaifiyarsa da ita ya keɓe wa Allah, ya bar tsofaffi cikin rashi, malamai kuma su sa masa hannu. Nisan zuciya a nan rashin biyayya ne da aka lulluɓe da addini. Haka yake a Amos sura 5, inda Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari kiɗan molayensu ba. Laifin bai shafi muryar mawaƙan ko yanayin da suke ji ba. Aya 11 da 12 sun faɗi laifin: suna tattake matalauta, suna cin hanci, suna hana wa mai gaskiya hakkinsa a wurin shari'a. Ba mamaki ma sujadarsu tana da zafi ƙwarai.

Wurin da aka fi kusantar irin tsoronki shi ne Malakai sura 1, kuma da firistoci ake magana. Sun gaji da bagade, suna cewa wannan abu ya ishe su, suna hura masa hanci. Yaya aka gane? Sun fara karɓar makauniyar dabba da gurguwa da mara lafiya suna miƙawa. Wato gajiyar ta zama raini, rainin ya sa suka daina kawo mai kyau. Wannan shi ne mummunan sabo, kuma yana da alamomin da ake gani: mai jagora ya daina shiri, ya zaɓi waƙoƙi a bakin ƙofa, ya daina zuwa koyon waƙa a kan lokaci, ya ce ai ko yaya aka yi jama'a za su bi. Ke da kika zauna kika rubuta wannan tambaya cikin damuwa, ban ga raini a maganarki ba.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa wa mawaƙa ba. Motsin rai ba shi ne ma'aunin gaskiyar sujada ba, ko ta wane ɓangare. Kiɗa yana aiki a jikin ɗan adam ko da babu Allah a cikin maganar. In aka ja sauti a hankali, ganga ta ɗauke, sannan komai ya dawo da ƙarfi a murya mafi tsayi, tsigar jiki takan tashi, a majami'a ko a gidan rawa. Baiwa ce daga Mahalicci, ba laifi ba ce, amma ba ita ce shaidar Ruhu ba. A Ezekiyel 33:31-32 Allah ya gaya wa annabin cewa mutanen suna zuwa su zauna gabansa, ya zama musu kamar mai rera waƙoƙin soyayya da murya mai daɗi da iya kiɗa, suna jin maganarsa amma ba sa aikatawa. Sun ji daɗi sosai, kuma ba su yi sujada ba. Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, wanda aka yi wa baftisma a birnin Milan na Italiya a shekara ta 387, ya ba da labarin yadda ya yi ta kuka da jin waƙoƙin ikkilisiya a farkon tubansa, daga baya kuma ya ce in ya lura daɗin muryar ya fi motsa shi fiye da abin da ake faɗa, yakan ɗauka ya yi zunubi. Jonathan Edwards, wani fasto wanda ya ga farkawa mai girma a Amurka da idonsa, mutane suna faɗuwa suna kuka, ya rubuta a 1746 cewa ƙarfin motsin rai, da rawar jiki, da iya zuba maganar addini, ba sa tabbatar da alheri na gaske, ba sa kuma ƙaryata shi. Alamar da ya fi ba wa nauyi ita ce rayuwar da ta canja. Shi fa mutum ne da ya nace cewa addini na gaskiya dole ya taɓa zuciya, don haka ba sanyi yake koyarwa ba. Ni ma ba cewa nake yi ki yarda da bushewa har abada ba. Ki roƙi Allah ya mayar miki da farin cikin cetonsa kamar yadda Dawuda ya roƙa a Zabura 51. Abin da nake hana ki shi ne ki mai da hawaye alƙali.

To ina ƙofar da na ambata? Tana cikin abin da kike yi tsakanin waƙa da waƙa, da abin da kike sa fuskarki da muryarki su faɗa.

Ki kawo wannan a ranki. An kai waƙa ta uku, mai ganga ya sassauta, mai kibod ya riƙe sauti ɗaya a hankali. Mai jagora ya rufe ido, ya sa muryarsa ta ɗan yi rawa kamar mai shirin kuka, ya ce, "Ina jin Ubangiji yana motsi a wurin nan yanzu." Makon jiya a daidai wannan gaɓa ya faɗi haka, makon da ya wuce ma haka. A cikin ransa kuwa yana lissafin ko lokaci zai isa a ƙara waƙa ɗaya. Waƙar da ya rera gaskiya ce, ko ya ji ko bai ji ba, domin Allah mai tsarki ne ko mai rerawa ya kwana lafiya ko bai kwana ba. Amma "ina ji" ɗin nan shaida ce ya bayar a kan kansa, kuma ƙarya ce. Rawar muryar ma ƙarya ce. Nan riya take fara kafa ƙafa, kuma illarta ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Akwai yarinya a layin baya da ba ta ji komai ba, ta ga kowa kamar yana ji, sai ta yanke cewa ita ce Allah ya tsallake. Ko ta koyi kwaikwayo, ko ta fara ja da baya. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, domin da hannunmu muke koya wa matasa cewa sujada ita ce nuna abin da ba ka da shi.

Maganinsa mai sauƙi ne a faɗa. Kada ki faɗi abin da ba haka yake ba. In ba ki ji ba, kada ki ce kin ji. Ki faɗi abin da yake tabbatacce ko yaya kike: Yesu ya yi alkawari inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu. Wannan za ki iya furtawa tsakaninki da Allah a ranar da ranki ya fi bushewa. Ki karanta aya ɗaya ta Zabura ki shiga waƙa. Ko ki yi shiru, shiru ba ya kashe sujada. Haka kuma kada ki ce "Ubangiji ya gaya mini" a kan abin da dabara ce ta cike gurbi, wannan kama sunansa ne a banza. Ɗaga hannu kuwa da durƙusawa, in kin yi su a matsayin miƙa kai, ba ƙarya ba ne ko da zuciya ba ta tsalle. Jiki yana iya yin gaba, zuciya ta biyo.

Wannan ba ya nufin ki mai da makirufo wurin zazzage damuwarki. Asaf, shugaban mawaƙa ne shi ma, a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame, ya yi ƙyashin mugaye, har ya ce a banza ya tsabtace zuciyarsa. Amma a aya 15 ya ce da ya fito ya faɗi haka, da ya ci amanar 'ya'yan Allah. Ya riƙe abin, ya shiga Haikali da shi, can ya sami fahimta, sai bayan nan ya mai da shi waƙar da jama'a za su amfana da ita. Mai Zabura 42 ma yana tuna yadda dā yake jan taro zuwa gidan Allah da sowa ta murna, yanzu kuwa hawaye ne abincinsa, sai ya juya yana yi wa ransa magana, yana ce masa ya sa zuciya ga Allah, zai sāke yabonsa. Maganarki ke nan, an rubuta ta tun kafin a haife mu. Zabura 88 kuwa ta ƙare a cikin duhu, ba ko ɗigon haske, kuma a kanta an rubuta cewa ta shugaban mawaƙa ce, wato don a rera ta a taro.

A nan zan ɗan ratse. Ina ganin rabin wannan ciwo daga jerin waƙoƙinmu yake. In duk waƙoƙin da muke da su na nasara ne da rawa da "ina ƙaunarka da dukan zuciyata", to duk ranar da mutum ba ya cikin wannan hali dole ya ji kamar maƙaryaci. Zabura cike take da makoki da roƙo da tuba. Ki ƙara waƙoƙin da suke magana a kan wane ne Allah da abin da ya yi a kan gicciye, ki rage waɗanda suke ta ba da rahoton yanayin mai rerawa. Waƙar da ta ce "na ba ka dukan raina" kuma, ki rera ta a matsayin alkawari da roƙo, irin na mutumin nan a Markus 9:24 da ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa.

Game da jama'ar da suke cewa sun sami albarka, ki yarda da su. Albarkar ba daga cikin ƙirjinki take fitowa ba. Ikkilisiya ta yi wannan muhawara tun ƙarni na 4 a Arewacin Afirka, lokacin da mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce baftismar da shugaba mara tsarki ya yi ba ta karɓu ba. Agustin ya amsa cewa Almasihu ne mai yin aikin, mai hidima hannu ne kawai. Bulus ma a Filibiyawa sura 1 ya yi murna da ana shelar Almasihu ko da ta bakin masu yi don kishi. In Allah yana amfani da irin waɗannan, balle ke da kika gaji kawai. Kuma ki rage yawan auna kanki a tsakiyar waƙa. Mai leƙen zuciyarsa kowane minti yana tambaya "ina ji kuwa?" idonsa yana kan kansa ne, ba kan Allah ba. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa sura 4 ko shi ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai yi.

Abin da zan ba ki shawara ki yi ba shi da yawa. A tsakiyar mako ki ɗauki kalmomin waƙoƙin Lahadi ki karanta su a fili ba tare da karin waƙar ba, a hankali, kamar wasiƙa. Za ki yi mamakin layin da kika rera shekara da shekaru ba ki taɓa jin sa ba. In kin ci karo da wanda ya tsaya miki a wuya, ki tsaya nan ki mai da shi addu'a. Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da hankali, 1 Korantiyawa 14:15, kuma aikin hankali ana yin sa ne kafin a hau gaba. Ranar Lahadi kuma ki buɗe ido ki dubi mutane. Ga dattijon da bai daɗe da binne matarsa ba, leɓunansa suna motsi da kyar a kan baitin tashin matattu. Ki rera masa, ki riƙe masa waƙar har ya iya kamawa. Ƙauna ce wannan, kuma sujada ce ta gaske. Sannan ki tambayi kanki ko kina yi wa Allah waƙa a inda babu mai ji. Yesu ya tura mu ɗaki a rufe ƙofa a Matiyu 6:6. In duk waƙar da kike yi wa Allah sai da makirufo, to a can ɓoye matsalar take, kuma a can za a gyara ta. Ikkilisiyar Afisa da ta bar ƙaunarta ta farko, abin da aka ce mata a Wahayin Yahaya 2:5 shi ne ta tuna, ta tuba, ta koma ga ayyukan da take yi da fari.

Akwai dai lokacin da sauka ta wajaba, kuma ba zan ɓoye miki ba. In akwai zunubin da kike riƙe da shi a ɓoye ba ki da niyyar bari, ki sauka ki nemi taimako. In akwai wanda kika ɓata wa kin ƙi neman sulhu, Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baiko a gaban bagade a je a shirya tukuna, kuma waƙa ma baiko ce. In kin kai inda ba ki ƙara gaskata abin da kike rerawa ba, wannan ya wuce bushewa, ki zauna da fastonki ki faɗa masa gaskiya. In kuwa gajiya ce zalla, kowace Lahadi ke, kowane taron tsakiyar mako ke, to hutu kike bukata. Iliya da ya ce ya gaji har ya roƙi mutuwa, barci da abinci Allah ya fara ba shi kafin ya yi masa magana. In rashin jin daɗin ya wuce waƙa ya shafi barcinki da cin abincinki da komai na rayuwa, ki ga likita ma, ba rashin bangaskiya ba ne. Ki je wurin fasto ko dattawan ikkilisiya ki roƙi a tsara juyi, a ba ki wasu makonni ki zauna cikin jama'a wani ya ja ki, ke kuma ki fara koya wa ƙanana biyu ko uku da za su riƙa karɓar ki. Ki sa ranar dawowa tun kafin ki tafi hutun, kuma ki gaya musu ainihin dalilin, yadda kika gaya mini.